AWON DAFIN DA KE RATSA FATA

Jawabin da aka karanta wa hakimai da malamansu a Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina, game da magungunan feshi da yadda masana ke auna abin da ke shiga jikin mutum ta fata.

 

Duk wanda ya fita ta Ƙofar Sauri da sassafe cikin rani, zai tarar da masu lambu a bakin rafin Ginzo suna fama da latas da kabeji da tumatir da alayyafo. A cikinsu ba ya rasa ganin wani goye da tankin feshi, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ba takalmi, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf da abin da ke yoyo daga bakin tankin. In an tambaye shi ko ba ya tsoron maganin, sai ya ce ai ba sha yake yi ba. In kuwa an tambayi mai sayar da maganin a kasuwa, sai ya ce ai Turawa sun gwada shi kafin a kawo, da yana da illa da ba a bari an sayar ba.

Maganar farko kuskure ce tun daga tushe. Ta biyu akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiyar tana da iyaka, sanin wannan iyaka kuwa shi ne dalilin wannan jawabi. Domin hakimi shi ake kawo wa ƙara in an yi ɓarna, malaminsa kuwa shi ne mai karanta wa talakawa abin da aka rubuta a jikin kwalba.

FATA DA ƘOFOFINTA

Fatar babban mutum, da za a shimfiɗa ta, da ta kai girman madaidaiciyar tabarma. Amma ba dukan kaurinta ke tsare jiki ba. Abin da ke tsaron shi ne wani ɓawo na can sama, wanda a yawancin jiki kaurinsa bai kai na silin gashi ba. An gina shi da matattun ƙwayoyin fata, jeri kamar 15 ko 20 bisa juna, da wani irin maiƙo a tsakaninsu, kamar yadda magini ke jera tubali yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A ƙarƙashinsa kuwa akwai fata mai rai da ƙananan jijiyoyin jini. Abin da ya tsallake ɓawon nan ya isa jini, jini kuwa babu inda ba ya zuwa.

Wasu abubuwa a ɓawon suke tsayawa. Lalle misali ne: yakan rina matacciyar fata, bayan 'yan makonni kuma ya tafi tare da ita. Wasu kuwa wucewa suke yi, musamman masu narkewa cikin mai, domin maiƙon da ke tsakanin tubalan nan shi ne hanyarsu. Yawancin magungunan ƙwari irin waɗannan ne, tun da an yi su ne don su ratsa jikin ƙwaro. Saboda haka mai feshi na iya kamuwa da dafi ko ɗigo bai taɓa bakinsa ba.

To, kafin hukuma ta yarda a sayar da magani, sai ta san in an zuba sa a fata kashi nawa cikin ɗari ke shiga jiki. A kan wannan lissafi ake yanke irin suturar da mai feshi zai sa, da yawan ruwan da za a sirka, da tsawon lokacin da zai yi yana aiki. In lissafin ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace.

HANYOYI UKU NA AWO

Hanya ta farko ita ce a gwada a jikin mutum mai rai. Wasu likitoci biyu a birnin San Faransisko na Amurka, Feldmann da Maibach, sun shahara da wannan tun cikin shekarun 1960. Sukan shafa ɗan ƙanƙanin abu a sangalin hannun wanda ya yarda a gwada da shi, bayan sun yi wa maganin wata alama da na'ura ke iya ganewa, sa'an nan su tara fitsarinsa har kwana 5 su auna abin da ya fito. Cikin 1974 suka bayyana awon magungunan ƙwari da na ciyawa guda 12. Wani bai kai kashi 1 cikin 100 ba, malatiyon ya ba da kamar kashi 8, wani kuwa mai suna kabaril ya haura kashi 70. Wannan hanya ita ta fi kusa da gaskiya, sai dai ba ya halatta a riƙa shafa wa mutane kowane irin dafi don neman ilmi.

Hanya ta biyu ita ce a gwada a jikin dabba, galibi ɓera. Majema sun san fatar akuya dabam, ƙirgin sa dabam, masana ma haka suka tarar. Fatar ɓera ta fi ta mutum saurin barin abu ya wuce, don haka awon ɓera yakan zarce gaskiya. Fatar kunnen alade ita aka tarar ta fi kama da ta ɗan Adam.

Hanya ta uku, wadda aka fi bi yanzu, ita ce a gwada a kan guntun fatar mutum a ɗakin gwaji. Akan samo fatar daga abin da likita ya yanke wajen tiyata, yawanci ta ciki ko ta ƙirji, ko daga mamacin da aka ba da izini a kansa.

ƘOƘON FRANZ

Kayan da ake wannan aiki da shi ɗan ƙoƙo ne na gilas, ana kiransa da sunan Thomas Franz, wani masani Ba'amurke da ya bayyana aikinsa cikin 1975. Ƙoƙon hawa biyu ne. Akan cika na ƙasa da ruwan gishiri, watau a madadin jini, sa'an nan a ɗaure guntun fatar a bakinsa kamar yadda ake ɗaure fata a bakin kalangu, bayanta na duban sama. A kan bayan nan ake ɗiga maganin. Akan riƙe ɗumin fatar a digiri 32, domin shi ne ɗumin bayan fatar mutum a zaune cikin inuwa. Lokaci lokaci ana zuƙo kaɗan daga ruwan ƙasa ana aunawa, galibi har awa 24. Daga ƙarshe a wanke fatar, a auna abin da ya rage a sama, da abin da ya maƙale a cikinta, da abin da ya wuce. In an haɗa jimla ba ta yi kusa da abin da aka zuba tun farko ba, aikin ya ɓaci, sai a sake. Kowane malamin haraji ya san wannan ka'ida: in kuɗin da ke cikin akwati bai yi daidai da rasit ba, akwai magana.

Cikin 2004 ƙungiyar OECD, wadda ta haɗa ƙasashe masu arzikin masana'antu, ta tsayar da ka'idar wannan gwaji a takardarta mai lamba 428, don kowa ya yi aiki da mudu ɗaya.

SHIN AWON ABIN DOGARA NE?

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, shi ma gwajin an gwada shi.

Cikin 2005 aka bayyana sakamakon wata jarrabawa da aka yi wa ɗakunan gwaji 18 a ƙasashe dabam dabam. An ba kowannensu sinadari iri ɗaya, kuma maimakon fata aka ba su wata siririyar roba iri ɗaya, don kada wani ya ce fatarsa ce ta bambanta. Duk da haka amsar ɗakin da ya fi kowa yawa ta ninka ta wanda ya fi kowa ƙaranci kusan sau 4. Ke nan hannun ma'auni ma yana da nasa rabo, kamar yadda mata biyu kan auna gero da tiya ɗaya, wata ta yi tozo wata ta shafe.

Cikin 2011 shi Franz da abokan aikinsa biyu suka tattara awo 92 a kan sinadarai 30, waɗanda aka taɓa aunawa a ƙoƙo aka kuma auna a jikin mutum mai rai. Da aka dube su a dunƙule, amsar ƙoƙo ta fi ta jiki da kamar rabi, amma da aka bi su ɗaya ɗaya sai aka sami inda bambancin ya kai ninki 20. Sa'an nan suka ware guda 11 waɗanda aka yi su bisa sharaɗi ɗaya, watau fata daga wuri ɗaya na jiki, magani gwargwado ɗaya, haɗi ɗaya, lokaci ɗaya. A nan sai amsoshin biyu suka zo kusan daidai, babu wadda ta ninka 'yar'uwarta.

Wannan shi ne zuciyar magana. Ƙoƙon Franz mai shaida ne mai gaskiya, amma a kan abin da ya gani da idonsa kaɗai. Alkali ba ya karɓar shaidar mutum a kan abin da ya faru a garin da bai je ba, ko da kuwa an san shi adali ne.

Abubuwan da kan karkatar da awon a cikin ɗakin gwaji sanannu ne. Fatar mutane ta bambanta, shi ya sa ake neman a yi gwaji da fatar mutum fiye da ɗaya. In an yanko fatar da kauri, magani mai son maiƙo yakan maƙale a cikinta bai isa ruwan ƙasa ba, domin a guntun fata babu jini mai gudu da zai kwashe shi. In kuma maganin ba ya narkewa cikin ruwan gishirin, sai ya ƙi sauka, ma'auni ya zaci bai ratsa ba. Waɗannan biyun su ne masu hatsari, domin suna nuna dafi ya fi yadda yake sauƙi. In kuwa fatar ta huje wajen yanka ko ajiya, sai amsa ta yi yawa. Don haka ake fara jarraba lafiyar kowane guntu, da lantarki ko da ruwa, a zubar da wanda aka samu da rauni.

ABIN DA ƘOƘO BAI GANI BA

A lura da wannan na ƙarshe. A ɗakin gwaji fata mai rauni zubar da ita ake yi. A lambu kuwa mai faso da kaushi da ƙuraje da yankan lauje shi ke goye da tanki.

Akwai maganin ciyawa da ake rubuta Paraquat a jikin galan. Da aka auna shi a kan lafiyayyar fatar mutum, abin da ya shiga jiki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ya tsaya a wannan lissafi sai ya ce ba kome. Amma likitoci a ƙasashe dabam dabam sun rubuta labarin manoman da suka mutu ta dalilin tanki mai yoyo, domin in maganin ya daɗe a jiƙaƙƙiyar riga yakan ƙona fata, in fata ta ƙone kuwa ƙofa ta buɗe, dafin ya wuce ya lalata huhu. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi a Nijeriya daga 2024.

Abu na biyu shi ne wurin da maganin ya taɓa. Cikin 1971 Maibach da abokan aikinsa suka shafa faratiyon a wurare dabam dabam na jikin mutum. Ga abin da ya shiga cikin kowane kashi 100:

Sangalin hannu, kamar 9.
Tafin hannu, kamar 12.
Ciki, kamar 18.
Fatar kai, kamar 32.
Goshi, kamar 36.
Cikin kunne, kamar 47.
Hammata, kamar 64.
Fatar maraina, kusan duka.

Wanda ya share zufar goshi da hannun da ya dama magani ya kai dafin ƙofar da ta fi ta hannun faɗi sau uku ko fiye. Wanda ya kewaya bai wanke hannu ba ya kai shi inda babu mai gadi sam. Har wa yau, alwala tana bi ta fuska da kai da kunnuwa, saboda haka lalle ne mai feshi ya fara wanke hannuwansa da sabulu kafin ya ɗauki buta.

Abu na uku shi ne zafi da laima. Ƙoƙo yana zaune a ɗaki a ɗumi ɗaya. A Katsina kuwa cikin watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40, jini yana gudu a ƙarƙashin fata, zufa ta jiƙa ɓawon nan ya yi taushi, jiƙaƙƙiyar riga kuma ta danne maganin ta hana shi bushewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara abin da ke shiga.

Abu na huɗu shi ne sirki. Mutane na zaton in an sirka magani da ruwa ya zama ruwa. Gaskiya ne ƙarfinsa ya ragu, amma rabon da ke ratsa fata daga sirkakken yakan fi na tsantsar yawa, ga shi kuma shi ke jiƙa mutum wuni guda. Hukumar da ke kula da lafiyar abinci a Tarayyar Turai ta tsayar cikin 2017 cewa in ba a auna magani mai haɗin mai ba, a ɗauka kashi 25 na tsantsarsa ke shiga, na sirkakkensa kuwa kashi 70.

Abu na biyar shi ne maganin kansa yakan sauya. Cikin 1976 a ƙasar Pakistan aka sa ma'aikata 7,500 feshin sauro da malatiyon, maganin da aka sani da sauƙin dafi, wanda aka ambata ɗazu cewa kamar kashi 8 kaɗai ke ratsa hannu. A watan Yuli kaɗai aka ƙiyasta kamar mutum 2,800 sun kamu, 5 kuma suka rasu. Da aka bincika sai aka tarar wani sashe na maganin ya gurɓace, ya haifar da wani abu da ya fi shi dafi, ma'aikatan kuma suna dama shi da hannu, suna wuni cikin jiƙaƙƙun tufafi. Abin da aka auna a ɗakin gwaji tsarkakakken magani ne. Wanda ya yi shekara a rumfar kwano yana shan rana, ko wanda aka ɗura a kwalbar lemo ba suna ba lamba, babu wanda ya auna shi.

Ƙasar Katsina ma ta taɓa ganin irin wannan darasi da idonta, ko da yake a kan sauro ne ba a kan fata ba. Cikin 1963 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wani magani a gundumar Kankiya, wanda ake rataya shi a ɗaki turirinsa ya kashe sauro. A ɗakin gwaji ya yi aiki. A ɗakunan Kankiya kuwa iska na shiga ta ko'ina, turirin bai taru ba, zazzaɓin cizon sauro ya ci gaba da yaɗuwa. Ba ƙarya masana suka yi ba, ɗakinsu ne ba irin na Kankiya ba. Wannan magani shi ne ake rubuta DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ke cikin abin da jama'a ke kira fiya-fiya. Yana ratsa fata, kuma cikin 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Kada wannan bayani ya sa a raina aikin masana. Ba don awonsu ba, da ba a san goshi ya fi hannu hatsari ba, da kuma ba a san wane magani ya fi wani ba. Abin nufi shi ne, duk umurnin da ke jikin kwalba an rubuta shi ne bisa zaton mai feshi yana da lafiyayyar fata, ya rufe jikinsa, tankinsa ba ya yoyo, zai kuma yi wanka da ya gama. In an cika waɗannan sharuɗɗa, lissafin masana yana tsare shi. In an bar su, ya fita daga inda shaidar ta tsaya. Saboda haka ana roƙon hakimai su isar da waɗannan ga dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma:

1. Kada a sayi maganin da ba ya cikin kwalbarsa ta asali, mai suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A dubi launin da ke gindin takardar: ja shi ne mafi dafi, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

2. Wanda ke da gyambo, ko faso mai jini, ko ƙuraje, kada ya yi feshi sai ya warke. Yara da mata masu ciki kada su kusanci aikin.

3. A gwada tanki da ruwa zalla kafin a zuba magani. In yana yoyo a gyara. In ya jiƙa riga ana cikin aiki, a tsaya nan take a tuɓe a wanke jiki, kada a ce bari a ƙarasa kunya.

4. A dama magani da sanda, da safar hannu ta roba. Safar ƙyalle tsotse maganin take yi ta riƙe shi a kan fata. A sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, da hula, a rufe hanci da baki.

5. A yi feshi da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, a ba iska baya.

6. Kada a ci goro, ko a sha taba, ko a kewaya, ko a yi alwala, sai an wanke hannu da sabulu. A wanke kayan feshi dabam da na iyali, kuma nesa da rijiya da rafi.

7. In an ga mai feshi yana jiri, da amai, da dalalar miyau, da zufa mai yawa, naman jikinsa na rawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ƙirjinsa ya riƙe, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti da gaggawa tare da kwalbar maganin, domin da ita likita zai san abin da zai ba shi. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa madara ko manja.

8. Malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa don irin wannan. Ya rubuta rana, da ƙauye ko unguwa, da sunan maganin, da wurin da ya taɓa a jiki, da tsawon lokacin da ya yi a kan fata, da yadda abin ya ƙare, ya riƙa aika wa ma'aikatan lafiya da malaman gona. Abin da ƙoƙon Franz bai gani ba, littafin nan shi zai gan shi, kuma da irin waɗannan rahotanni ne hukumomi suka gane hatsarin magungunan da daga baya aka haramta.

Magabata da suka gina ganuwar Katsina ba su dogara ga kaurinta kaɗai ba. Sun sa sarkin ƙofa a kowace ƙofa, kuma in damina ta zubar da wani sashe sai a yi gayya a gyara. Mai lambun da ke bayan Ƙofar Sauri ba shi da mai gaya masa inda tasa ganuwar ta tsage sai shugabanninsa.

Allah ya ba da damina mai albarka da rani mai amfani, ya kiyaye talakawa, ya ja zamanin Sarki. Amin.